Gavrilă Mai Kunne

A kwarin Jiu, in ka ce Gavrilă Bejan sai a tsaya tambayarka wanne, amma in ka ce Mai Kunne, ko tsohuwar da ke sayar da cuku a bakin kasuwar Lupeni za ta nuna maka benensu, hawa na huɗu. Gajere ne mai faɗin ƙirji, shekara arba'in da huɗu, idanunsa zagaye da baƙin kwallin nan na 'yan ramin kwal wanda sabulu ba ya fitarwa. Magana ba ta dame shi ba. Ko a mashaya, ana ta ɓaɓatu a kan ƙwallo, shi sai ka gan shi ya karkatar da kai gefe guda yana sauraren abin da ba wanda ke ji.

Ubansa daga Moldova aka kwaso shi a jirgin ƙasa, zamanin da gwamnati ke neman ƙarti ruwa a jallo. Ya haƙi kwal har ƙirjinsa ya cika da ƙura, ya mutu a zaune a kan kujera domin kwanciya ta gagare shi. Ranar jana'izar Gavrilă ya rantse ba shi ba rami har abada. Ya yi gadi, ya yi dakon siminti, ya tuƙa motar burodi, duk don kada ya karya rantsuwar. Da ya auri Aurica aka haifa musu Sorina, sai rantsuwa ta karye da kanta. A garinmu na wancan lokacin, aikin da zai ciyar da baki uku a ƙarƙashin ƙasa yake, kowa ya sani.

Makonsa na farko aka haɗa shi da tsoho Feri, wani Bahungare mai baƙin rai wanda ya yi shekara ashirin da ɗoriya a rami ba a taɓa fito da shi a kwance ba. Suna zaune a lungun da ake haƙa, suna cin burodi da albasa da kitsen alade, sai ɗaya daga cikin gumagumen da ke tokare rufin ya ce ƙas. Ƙarar ba ta fi ta karya tsinken ashana ba. Kafin Gavrilă ya haɗiye lomarsa, Feri ya kwarara ihu, “A gudu!” kowa ya watsar da abin da ke hannunsa. Gavrilă ya zabura shi ma, sai maratayin jakarsa ya maƙale a ƙusa, ya tsaya yana ƙoƙarin warware shi a hankali. Rufin bai zubo ba ranar. Marin Feri ne ya zubo, har hular kwanonsa ta yi gefe.

“Kai ɗan Moldova, jakar nan ce za ta rena maka 'yarka?” in ji Feri. “Buɗe kunnen nan naka mai kama da faifai. Ka san abin da ya sa muke tokare rufi da itacen brad, ga itatuwa masu ƙarfi birjik a dutse? Domin brad ba ya karyewa sai ya yi sallama. In ya yi magana, ba ka duba sama, ba ka tambayar kowa, ba ka tunani. Duk abin da ke riƙe da kai, jaka ce, igiya ce, ɗamara ce, ka kwance ka yar, ka yi ihu, ka finciki na kusa da kai. Mai tunani shi ake haƙowa da shebur.”

Darasin ya shiga jikin Gavrilă fiye da yadda ya shiga na kowa. A shekararsa ta tara, ana tsakiyar ƙugin injuna, ya ji wani ƙas da mutum shida ba su ji ba. Ya kore su waje da ihu da naushi, suna zaginsa, ba su yi taku talatin ba lungun ya rufta gaba ɗaya. Daga ranar aka sa masa Mai Kunne, kuma matan mutum shidan nan har yau in sun gasa burodi sai sun aiko masa.

Kafin wannan da shekara guda Aurica ta tafi. An fara rage kwanakin aiki, ana rufe wancan rami ana rufe wannan, gida ya fara gagarar albashi ɗaya. Wata ƙawarta ta samo mata aikin jinyar wata tsohuwa a Italiya, kusa da Padova. Ta ce shekara biyu ce kawai, ta sumbaci Sorina mai shekara takwas, ta shiga bas. Shekara biyun nan ta zama tara. Tana zuwa mako biyu a watan Agusta, hannuwanta duk sun tsattsage, in za ta tashi daga kujera sai ta dafa ƙugu. Gavrilă ya koyi kitso har ya iya, ya koyi tuƙa mamaliga, tuwon masararmu, ba gudaji, shi ya je ya tsaya a kanti yana zufa ranar da yarinya ta fara buƙatar kayan mata. Ba ya ƙorafi, amma kewar matarsa tana cinsa, kuma kunya tana cinsa fiye da kewar.

Sai aka zo kan raminsu, shi ma za a rufe shi. An tara su a zauren ƙungiya, wani mai kwat daga Bucharest ya haska musu zane a bango: baƙin layin kwal yana gangarawa har shekara ta dubu biyu da hamsin, koren layi yana hawa. Ya ce duniya duka ta juya, daga Jamus har Sin, iska da rana ne za su riƙe lantarkin gobe, kwal kuwa kwanansa ya ƙare. Mitru, abokin aikin Gavrilă wanda bakinsa ba ya rufuwa ko a coci, ya ɗaga hannu.

“Ranka ya daɗe, a jikin layin nan mai gangarawa, ina ne daidai inda muke cin abincin rana?”

Aka yi dariya, irin wadda ake yi don kada a yi kuka. Gavrilă bai yi ba. Shi bai ga ƙarya a maganar mai kwat ba, kuma abin da ya fi ɓata masa rai ke nan. Ya san yadda ubansa ya mutu. Ya tashi ya ga kogin Jiu baƙi ƙirin, ƙanƙara tana sauka fara da safe, kafin azahar ta zama toka. In duniya ta ce ta gaji da hayaƙi, ai tana da gaskiya. Amma shi shekararsa goma sha bakwai a ƙasa, saura uku a ba shi fanshon ɗan rami, ramukan da suka rage kuma ba su ɗaukar ko kare. Haba, duniyar da ta yi shekara ɗari da hamsin tana ƙona kwal ɗinmu, a ce ba ta iya jiran mutum ɗaya shekara uku!

Ƙofa ɗaya aka bar musu. Wanda ya ci jarrabawa za a ba shi takardar gyaran injinan iskar nan da aka shuka a Dobrogea, waɗanda 'yan rami ke kira fankoki. Mako biyu a can, mako biyu a gida, da albashin da zai riƙe iyali. Gavrilă ya rubuta sunansa tun mai kwat bai gama naɗe wayoyinsa ba.

Malamarsu wata mace ce, Ruxandra, siririya mai muryar soja, wadda ta yi shekaru tana ceton masu hawan dutse. Ranar farko ta ɗaura wa kowa ɗamara mai igiya biyu, kowace da ƙugiyarta, ta ce doka ɗaya ce a wannan aiki. Ba ka cire ƙugiya daga ƙarfe sai ɗayar ta kama. Wanda ya cire duka biyu a sama, ko na ƙiftawar ido, ya kama hanyar gida.

“Doamna,” wato uwargida, in ji Mitru, “mu fa da ake zura mu mita ɗari bakwai a keji kamar guga, tsani ne zai ba mu tsoro?”

Ta amsa masa da nea, kiran da muke yi wa wanda ya girme mu: “A rami ƙasa ce ke faɗo muku, nea Mitru. A nan ku ne za ku faɗo mata. Ɗaura ɗamarar da kyau, tumbin nan ba zai tare ka ba.”

Mako uku suna hawa wani gajeren tsani a cikin rumfar horo, inda ba iska ba motsi. Gavrilă ya fi kowa. A gida ma ya ɗaura igiyoyi a ƙarfen matakalar bene yana hawa yana sauka, kama, cire, kama, cire, maƙwabta suna leƙe, Sorina tana riƙe masa agogo tana kiransa Tata, wato baba, tana cewa, “Tata, ka zama biri a tsufanka.”

Ana saura kwana goma jarrabawa, tsohuwar Padova ta mutu. 'Ya'yanta suka ce wa Aurica ta zauna zuwa ƙarshen wata ta nemi wuri. Wani gida a unguwar suka ji labari suka aiko, suna son ta riƙe musu uwarsu, amma sai ta ba su amsa ranar Juma'a da yamma, in ba haka ba akwai wata tana jira. Jarrabawar kuwa Juma'ar ce da safe. Aurica ta kira shi, muryarta ƙasa-ƙasa.

“Gavrilă, ba zan iya sake ɗaga wata tsohuwa ba. Bayana ya ƙare. Na gaji da wanke uwar wasu ina kallon 'yata a waya. Don Allah ka ci abin nan, in dawo gida in kwanta a gadona.”

“Ki fara haɗa kaya,” in ji shi. Bai taɓa yi mata alkawari da baki cike haka ba.

Ranar Alhamis bas ya kwashe su goma sha biyu, yini guda ana tafiya. Da suka fita daga duwatsu ƙasa ta baje, ba tudu ba kwari, sai alkama kore shar da sararin sama wanda ya yi wa Gavrilă yawa. Fankokin suna tsaye jere har inda ido ya ƙare, farare fat, suna juyawa a hankali. Mitru ya kalle su ya yi tsaki ya ce, “To ga kishiyoyinmu, ko gumi ba sa yi.” Ba wanda ya yi dariya.

Da safe aka tsayar da inji ɗaya domin su. Mita ɗari ne, ana hawa ta ciki, mutum uku-uku, Ruxandra a tare da kowane rukuni. Da Gavrilă ya shiga ƙaramar ƙofar ya ɗaga kai, sai ya ji hankalinsa ya kwanta. Wuri ne matsattse, mai duhu-duhu, ga tsani, ga ƙanshin maiko, ga fitila a goshi. Ashe rami ne aka kifar da shi ya kalli sama. Ya sa ƙugiya ya fara hawa, Mitru a bayansa yana nishi, wani Sandu a bayan Mitru. Suka wuce dandamalin hutu na farko, suka wuce na biyu. Hannunsa yana aiki shi kaɗai, kama, cire, ko kuskure ɗaya babu. A dandamali na uku, mita saba'in, Ruxandra ta duba takardarta ta gyaɗa kai ta ce, “Da kyau, nea Gavrilă. Ku sha iska minti biyu.”

A cikin minti biyun nan iska ta taso a waje. Hasumiyar ta ɗan yi layi, kamar yadda aka gina ta ta yi, an ma gaya musu a aji. Amma ba wanda ya gaya musu irin muryarta. Daga can sama, daidai kan kawunansu, ƙarfe ya ce ƙas. Ya sake cewa ƙas. Sai wani dogon nishi ya biyo baya, ya gangaro ta jikin bango.

Gavrilă bai yanke shawarar komai ba, ya rantse da wannan har gaban Allah. Abin da ya sani kawai, ya ji muryarsa tana tsaga wurin, “A gudu! Rufi!” Hannuwansa biyu sun fizge ƙugiyoyin nan biyu a tare, ya cakumi wuyan rigar Mitru ya ja shi zuwa bakin ramin tsani, shi kuma ya zura ƙafa ya sauka taki huɗu, igiyoyinsa suna reto a gefensa ba su riƙe da komai. Ƙasa da shi mita saba'in ne na wofi.

“Tsaya nan! Kada ka motsa!”

Muryar Ruxandra ce ta dawo da shi. Ta kwanta rub da ciki a bakin ramin, ta miƙa hannu ta kamo igiyarsa ɗaya ta maƙala a tsani, sannan ta kamo ta biyun. Ya ɗaga kai ya ga fuskarta ta yi fari, ya ga Mitru a durƙushe, igiyarsa ce ta hana shi biyo baya. Sandu kuwa yana tsaye, hannunsa a kan tasa ƙugiyar, ya buɗe ta rabi, yana kallonta kamar ba hannunsa ba. Rufi yana nan inda yake. Ba abin da ya zubo, ko ƙwayar tsatsa.

Saukowar ta fi hawan tsawo. Da suka fito fili, Ruxandra ta ja shi bayan motar kayan aiki inda sauran ba za su ji ba. Bai bari ta fara ba.

“Doamna Ruxandra, ki bar ni in sake hawa. Yanzun nan. Na san muryarsa yanzu, ba zai sake ruɗa ni ba.”

“Nea Gavrilă…”

“In toshe kunne da auduga. Na rantse ko tsawa aka yi ba zan ji ba.”

“Da wane kunnen za ka ji rediyo in abokin aikinka ya kira ka?”

“To ki rubuta ƙugiya ɗaya na cire. Mitru ba zai faɗa ba, Sandu ba zai faɗa ba. 'Yan rami ne, ba sa tona juna.” Mutumin da bai taɓa roƙon kowa ko sigari ba, sai ga shi ya cire hula ya riƙe a ƙirji. “Matata shekara tara tana wanke kashin tsofaffi a ƙasar mutane. Yau da yamma take jiran amsata. Ki dubi Allah, ki dube ni. Mako uku kin taɓa ganin na yi kuskure?”

“Ban taɓa ba,” in ji ta. Idanunta sun kawo ruwa, amma ba ta kawar da su ba. “Na san abin da ka ji. Na ga kuma ba kanka ka fara ceta ba, abokinka ka jawo. A can ƙasa da lambar yabo za a ba ka. Amma hasumiyar nan kullum haka take kuka, nea Gavrilă, sau ɗari a yini. Gaya mini tsakaninka da Allah: wata shida nan gaba, ka gaji, hannunka cike da maiko, ta yi wannan ƙarar a bayanka ba shiri. Me hannunka zai yi?”

Ya buɗe baki zai ce ba komai. Ƙarya ba ta fito ba. Shekara goma sha bakwai ya yi yana koya wa hannun nan kada ya jira shi, kuma ya koya da kyau.

“In na sa maka hannu yau,” in ji ta, “wata rana ni zan kira matarka. Ba zan iya ba. In an sake buɗe horo baɗi, zan sa sunanka a farko.”

Baɗi! Ya mayar da hularsa, ya kwance ɗamarar, ya naɗe ta tsaf yadda ta koya musu, ya miƙa mata. Mitru ya biyo shi yana cewa, “Ortac, tsaya mana, ortac,” sunan da muke kiran wanda muka shiga rami tare. Gavrilă ya ɗaga masa hannu kawai. Mitru ya tsaya.

Ya bi hanyar gona har ya yi nisa da mutane, ya zauna a gefen kwalbati. Ya daɗe yana juya wayar a hannu. Rana ta karkata, inuwar fikafikan tana wucewa ta kansa tana dawowa. Da ƙarfe huɗu ta yi ya ga ba makawa, ya danna. Ko ƙara ɗaya ba ta gama ba Aurica ta ɗauka.

“Yaya? Faɗa mini! Akwati biyu na ɗaure, na ba ƙawata bargon da tukwanen, ba zan iya jido su ba. Gavrilă? Kana jina?”

“Ina ji.”

“To yi magana mana, kada ka kashe ni.”

“Ban ci ba, Aurica.”

Ya duba wayar ko layin ya yanke.

“Faɗowa ka yi? Ka ji ciwo?”

“Lafiyata ƙalau. Ƙarfen ne ya yi ƙara a kanmu. Irin ta brad.”

'Yar ɗan rami ce, matar ɗan rami, ta san sauran. Ya so ta zage shi, ta ce masa sakarai, ta ce ya cuce ta, da ya fi masa sauƙi. Sai ya ji ta ja numfashi, ya ji ƙarar gado da ta zauna a kai.

“Sun ce wataƙila baɗi,” in ji shi.

“Uhm.”

Akwai tambaya ɗaya a bakinsa, ya san mummuna ce, ya san mutumin kirki ba ya yin ta a kan uwar wani. Amma ya yi ta.

“Ita wannan sabuwar… shekarunta nawa?”

“Saba'in da biyu,” in ji Aurica, muryarta a bushe. “Ƙafafun ne kawai suka mutu, sai an ɗaga ta an ajiye. Likita ya ce zuciyarta ta fi tawa lafiya. Uwar da ta haife ta sai da ta kai casa'in da takwas.”

Gavrilă ya dafe goshi da tafin hannu. Hawaye suka zubo masa, bai share ba.

“Bari in je in gaya musu kafin su ba wata,” in ji ta. Ya ji ta miƙe da ƙyar, da ɗan nishin nan na ciwon baya. “Gavrilă, jiya na ce wa Sorina ta gyara mini gefen kabad. Kai za ka gaya mata. Ni ba zan iya ba.”